Tabbatar da takardu kafin a kai su wata ƙasa: abin da mutanen Damagaram suka gani da idonsu

Mai tambaya, daga unguwar Birni

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ƙanwata ta ci jarrabawar bak, wato ta kammala sakandare, a bana, kuma wata jami'a a Turkiyya ta ba ta gurbin karatun aikin jinya. A wasiƙar da suka aiko sun ce ta zo da shaidar bak da takardar maki da takardar haihuwa, kowacce da tabbacin hukuma. Na kai kwafin takardun ma'aikatar magajin gari an buga musu hatimi, na ɗauka an gama, sai wani abokin aikina ya ce mini ƙarfin wannan hatimin bai wuce iyakar Nijar ba. Mahaifinmu ya rasu, ni ne tsaye a kan lamarinta, kuma abin da ke hannuna ba zai kai ni Yamai sau biyu ba. Ina roƙon duk wanda ya taɓa bin wannan hanya ya gaya mana yadda ya yi.

Tsohon ma'aikacin kotu, daga Sabon Gari

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku. Abokin aikinka gaskiya ya faɗa maka. Na yi shekaru a ofishin magatakardan kotu, kuma na ga mutane da yawa suna haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Hatimin da aka buga maka a meri, wato ma'aikatar magajin gari, shaida ce kawai cewa kwafin ya yi daidai da takardar asali, kuma wannan ya isa ga duk abin da za a yi a cikin ƙasa. Amma ma'aikacin da zai karɓi takardar a Turkiyya bai san sa hannun magajin garin Damagaram ba, bai taɓa ganin hatiminsa ba. Wanda ya sani shi ne jami'in ofishin jakadancin ƙasarsu da ke Yamai. Shi kuma wannan jami'in ya san sa hannun ma'aikatar harkokin wajen Nijar, ita kuma ma'aikatar ta san sa hannun hukumar da ta ba da takardar. Saboda haka ake hawa daki-daki: hukumar da ta ba da takarda, sai ma'aikatar harkokin waje, sai ofishin jakadancin ƙasar da za a je. Wanda ya tsallake mataki ɗaya, za a mayar da shi baya ko da ya taso daga nesa.

Abin da nake so ka riƙe shi ne kowane hatimi yana shaidar sa hannun da ya riga shi ne, da muƙamin mai sa hannun, ba ya gyara abin da aka rubuta a cikin takardar. Idan akwai kuskure a ciki, da kuskuren za ta isa can.

Idan kuma ka ga kalmar apostille a wasiƙar, kada ka sha wahalar nemanta a nan. Hatimi guda ne da ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar birnin Hague ta 5 ga Oktoba 1961 suke amfani da shi tsakaninsu, ya ɗauke musu zuwa ofishin jakadanci. Turkiyya da Faransa da Maroko da Tunisiya da Senegal suna ciki, Nijar da Najeriya ba sa ciki. Ka rubuta wa makarantar ka sanar da su haka, domin su faɗa maka a rubuce abin da za su karɓa a madadinsa.

Malamar makarantar firamare, daga Garin Malam

Baba ya yi bayanin da da na same shi shekara uku da suka wuce da ban zubar da hawaye a Yamai ba. Ɗana na fari ya samu tallafin karatu zuwa Maroko, na ɗauki hutu na raka shi. Mun taso da asuba a bas, muka bi ta Tasawa da Maraɗi da Ƙwanni da Dogon Dutsi da Doso, kilomita kusan 900, muka isa da dare ƙafafuna sun kumbura. Washegari a wani ofishi ma'aikacin ya shimfiɗa takardar haihuwar yaron da shaidar bak ɗinsa a kan tebur, ya ɗora ɗan yatsa ɗaya a kan wannan, ɗaya a kan waccan, bai ce komai ba, ya juyo mini da su. A takardar haihuwa an rubuta sunan mahaifinsa da I a farko, a ta makaranta kuma da Y. Harafi ɗaya. Shekara goma sha uku yaron yana makaranta da wannan rubutun, ni da nake koyar da karatu ban taɓa lura ba. Ma'aikacin ya ce mini cikin ladabi cewa ko ya bar su suka wuce, a can za a ce takardun mutum biyu ne.

Ban ga laifinsa ba, amma na ji zafin abin, domin gyaran ba a Yamai yake ba. Sai da muka dawo gida muka bi takardun makaranta tun daga ajin farko har muka gano inda kuskuren ya shiga, sannan aka nemi gyara a inda ya kamata, muka sake komawa. Abokan tafiyarsa sun riga shi isa da mako biyar.

Ƙanena, kafin ka sayi tikiti, ka zauna da ƙanwar taka ku baza takardun a kan tabarma, da ta haihuwa da ta zama ɗan ƙasa da fasfo da na makaranta, ku karanta harafi bayan harafi: sunanta, sunan uba, sunan uwa, ranar haihuwa, wurin haihuwa. Sunayenmu ana rubuta su da rubutun Faransanci ta hanyoyi da yawa, kowane magatakarda da yadda hannunsa ya saba.

Ɗan kasuwa, daga Zango

Ni ban ga dalilin da zai sa Malam ya yi wannan doguwar tafiya da kansa ba. Lokacin da na nemi takardun da iyalina za su same ni a Jidda, wani mutum na ba a tasha, ya kai, ya dawo mini da su cikin kwana goma da hatiminsu, na biya shi ladansa. Wahalar da na sha tun a nan gida ce, domin aurenmu a masallaci aka ɗaura shi ba mu taɓa rubuta shi a meri ba, kuma ni kaina takardar haihuwata ta kotu ce, irin wadda ake yi wa wanda ba a rubuta haihuwarsa a kan lokaci ba, shekara kawai aka sa babu rana babu wata. Sai da na nemo shaidu aka yi mana takardar aure tukuna.

Tsohon ma'aikacin kotu, daga Sabon Gari

Alhaji, Allah ya tsare ka, amma ba zan ba marayu wannan shawara ba. Na taɓa riƙe takardar wani yaro a hannuna wadda aka dawo da ita daga waje, hatimin da ke bayanta na jabu ne, mutumin da ya karɓi kuɗin kuma ya ɓace. Yaron bai san komai ba, amma sunansa ne a kan takardar, shi aka tuhuma. Idan dole sai an aika, a aiki ɗan'uwa da aka sani, kuma ya dawo da rasiɗin kowane ofishi da tambur ɗin da aka manna.

Ɗalibi, ɗan Karkada, yana karatu a Turkiyya

Yaya, shekarata ta uku ke nan a nan, kuma kuskure biyu na yi da ba na so ƙanwarmu ta maimaita. Na farko, saboda tsoron ƙura da ruwan sama na sa aka lulluɓe shaidar bak ɗina da leda mai zafi tun ranar da na karɓe ta. Da aka zo buga hatimi a bayanta tawada ta ƙi zama, aka ce ba a karɓar takardar da aka lulluɓe, sai da na koma ofishin da ke kula da jarrabawar bak na nemi wata shaidar. A ajiye takarda a cikin jaka mai kyau, kada a manne ta da komai.

Na biyu shi ne fassara. Na biya aka fassara mini takarduna zuwa Turanci kafin a buga hatimi ko ɗaya, da na iso sai aka ce da harshen Turkanci ake so, daga hannun mai fassara da ya yi rantsuwa, kuma notari na nan, wato jami'in da ke tabbatar da takardu, ya tabbatar, har da rubutun da ke cikin hatiman. Kuɗin fassarar farko sun tafi a banza. Ban da wannan, akwai takardar da suke kira denklik, wadda ke nuna cewa bak ɗinmu daidai yake da shaidar kammala sakandare tasu, kuma jami'a tana neman ta wajen rajista. Ta taho da takardun asali a jakar hannunta, kada ta sa su cikin kayan da za a auna.

Direban babbar mota, daga Magarya

Nawa gajere ne. Wani kamfani a Aljeriya ya nemi takardar shaidar rashin laifi, wadda muke kira kaziye. Ita na fara karɓa saboda ta fi sauƙi, na tsaya jiran fasfo, kafin ya fito wata uku sun cika ta mutu. A kotun yankin da aka haifi mutum ake karɓar ta, don haka sai da na sake zuwa. Duk takardar da ke da wa'adi a bar ta ƙarshe.

Mai tambaya, daga unguwar Birni

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan sallar isha'i muka yi yadda Malama ta ce, muka baza takardun a gaban mahaifiyarmu, ƙanwata tana karantawa ina bi da fitilar waya. Sunaye duka sun yi daidai, amma a takardar maki an rubuta watan haihuwarta 06, a takardar haihuwa da fasfo kuma 08. Na fasa tafiyar da na shirya ranar Lahadi. Gobe da safe zan je makarantarsu da takardar haihuwar in ji daga inda kuskuren ya fito, kuma na riga na rubuta wa jami'ar ina tambaya a kan apostille da harshen fassara. Baba, idan ya kasance kuskuren yana cikin rajistar jarrabawa ne ba a makaranta ba, shin wasiƙar shugaban makaranta za ta isa in tafi da ita Yamai, ko akwai wata takarda da ya kamata in karɓa a kotu kafin in tashi?