Muhawara: Ware wa masu nakasa kason aiki, gata ne ko rufe baki?

Mai Zaure: Assalamu alaikum jama'a. Jiya da dare Alhaji ya jefo wata magana, kowa ya watse bai tanka ba. Cewa ya yi dokar da ke tilasta wa ma'aikatu su ware wani kaso na guraben aiki ga masu nakasa ba ta amfanar kowa, har da waɗanda aka yi ta dominsu. Alhaji, bismillah. A kawo hujja, ban da gugar zana.

Alhaji Mai Masana'anta: Wa'alaikumus salam. Ina nan kan bakata. Idan aka ce dole in cike adadi, abin da zan nema shi ne adadin, ba ma'aikaci ba. Kuma an riga an gwada. Ingila ta yi wannan doka a 1944, bayan da yaƙi ya bar sojoji da yawa da raunuka: duk mai ma'aikata 20 ko fiye, kashi 3 cikin 100 su zama masu nakasa. Shekara hamsin ana tafiya, yawancin kamfanoni ba su cika ba, waɗanda aka gurfanar a kotu kuma ƙalilan ne. A 1995 suka soke ta da kansu, suka koma dokar hana wariya. Waɗanda suka yi rabin ƙarni suna abu suka ajiye, mu kuma mu ce shi ne mafita?

Barista: Ranka ya daɗe, hujjar taka ce ta kayar da kai. Ka ce ba a hukunta kowa ba. To dokar da ba a hukunta mai karya ta, ina aka gwada ta? Duba Jamus. Mai ma'aikata 20 zuwa sama, kashi 5 cikin 100. Wanda bai cika ba yana biyan kuɗi duk wata a kan kowane gurbin da ya bari, kuma a 2024 babban kamfanin da bai ɗauki ko mutum ɗaya ba ya biya har Yuro 720 a wata kan gurbi guda. Kuɗin nan ba a baitulmali yake ɓacewa ba, da shi ake gyara wuraren aiki da sayen na'urori ga waɗanda aka ɗauka. Faransa na da kashi 6 tun 1987, ita ma da tara.

Alhaji Mai Masana'anta: Barista, su Jamusawan duk sun cika ne? Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kamfanonin da dokar ta hau kansu ba su da ko mutum ɗaya. Biya suke yi su huta. Ka ga ta zama haraji kawai.

Yaya Mai Keke: Ku bari in sa baki, tunda kanmu ake aski. Abin da zai ba ku mamaki, rabin maganar Alhaji na yarda da ita, amma dalilina daban. Ni akanta ce, a keke nake tun ina ƙarama. Wurin da na fara aiki, da kason aka ɗauke ni. Aka ba ni tebur a ƙasa kusa da ƙofa, sashen kuɗi kuwa yana bene na biyu, babu lifta. Albashi na shiga, aiki ba ya zuwa. Idan baƙi suka zo, ni ake fara nuna musu. Ranar da na nemi a riƙa sauko min da fayil, aka ce kada in wahalar da kaina. Wannan kalma ta "kada ki wahalar da kanki" ta fi zagi ciwo. Duk wanda ya shigo bayana ya wuce ni a matsayi, domin shi an ga aikinsa, ni ba a taɓa ba ni abin da za a gani ba. Na bar wurin da kaina.

Malam Mai Sanda: Yaya, Allah ya huci zuciyarki. Amma in tambaye ki: wurin da kike yanzu, da suka duba takardunki, ba su ga kin taɓa aiki ba?

Yaya Mai Keke: Sun gani.

Malam Mai Sanda: To shi ke nan. Ni makaho ne, aikina na kwamfuta ne, da manhajar da ke karanta min allo. Akwai ta kyauta ma, NVDA, makafi biyu 'yan Ostareliya ne suka ƙirƙire ta. Kafin in samu aiki, muddin na rubuta a takarda cewa ba na gani, shiru. Idan ban rubuta ba a kira ni, in shiga da sanda, sai ka ji muryar mai tambaya ta sauya, ganawar ta ƙare cikin minti kaɗan. Alhaji ya ce cancanta yake dubawa. Na yarda da niyyarsa. Amma cancantar da ba a bari ta zauna a kujera ba, yaushe aka auna ta? Kaso bai sa an so ni ba, ya dai tilasta an saurare ni har ƙarshe. Sauran ni na yi.

Alhaji Mai Masana'anta: Malam, kai daban ne, ka yi karatu. Nawa ne irinka?

Malam Mai Sanda: Wannan tambayar makarantu za ka yi wa, Alhaji. Yaron da ba a ba shi littafin rubutun makafi ba, ko aka ce ajinsu na sama ne babu mai ɗaukarsa, ba shi ya zaɓi rashin takarda ba.

Malama Nas: Ni ina ganin ba a nan gizo ke saƙar ba. Kuna ta gardama a bakin ƙofar ofis, alhali mutane da yawa ba su da lafiyar isowa wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2022 mutum biliyan 1.3 ke da nakasa mai tsanani, wato ɗaya cikin shida a duniya. Wasunsu na rasuwa shekara 20 kafin sa'o'insu, kuma haɗarin kamuwa da ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki da ciwon damuwa ya ninka a kansu. Galibi ba nakasar ce ke kashe su ba. Gadon awo ne da ya yi tsayi mai keke ba ta iya hawa, sai a duba ta a zaune a ce an duba. Kurma ne da likita ke yi wa bayanin magani babu tafinta, yana gyaɗa kai don kunya. Mace mai nakasa ce da ba a yi mata maganar awon ciki ko gwajin sankarar mahaifa, an yanke cewa ba ta buƙata. Sannan gyambon zama. Wanda bai yi jinyar mai ciwon laka ba bai san shi ba: keken da bai dace da jiki ba, babu matashi mai kyau, fata ta mutu, rauni ya zurfafa har ƙashi, mutum ya kwanta watanni. Wane kaso ne zai riƙe masa aiki?

Yaya Mai Keke: Anti Nas kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Mutane na ɗauka keke keke ne. A'a, ana auna shi ne da jikin mai shi.

Malama Nas: Ƙwarai. Kuma a wannan shekarar ta 2022 hukumar da UNICEF sun ce mutum fiye da biliyan 2.5 ke buƙatar wani abin taimako, keke ko na'urar ji ko tabarau ko ƙafar roba, kusan biliyan ɗaya kuma ba su samu. A wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin 100 kacal na masu buƙata ke samu.

Alhaji Mai Masana'anta: Madalla. To gwamnati ta je ta yi wannan, ta bar mu da dokar ƙidaya. Ita kanta gwamnatin ba ta iya cikawa. A Japan a 2018 aka gano ma'aikatun gwamnati sun ƙara mutum fiye da 3,000 a lissafinsu, suna saka waɗanda ba su cika sharaɗi ba, har da masu raunin gani kaɗan. Ƙasar da aka sani da bin doka ke nan.

Barista: Gaskiya ne an yi haka. Amma ta yaya aka kama su? Saboda akwai adadin da za a auna su da shi. Inda babu adadi, kowa zai rantse ba ya wariya, kuma ba ka da abin da za ka nuna masa. Japan ɗin ma ba ta soke ba, ƙarawa ta yi: kamfanoni sun koma kashi 2.5 a 2024.

Yaya Mai Keke: Barista, ka faɗi sauran mana. A can doka ta yarda babban kamfani ya buɗe ƙaramin reshe na daban, ya tara masu nakasa a ciki, a lissafa masa su. Teburina na bakin ƙofa ne aka mayar gini guda.

Barista: Ban musa ba, Yaya. Sai dai ɗaya hanyar ma ba ta fita ba. Amurka ba ta da kaso a kamfanoni, dokarta ta 1990 hana wariya ta yi, ta kuma wajabta wa mai aiki ya yi gyaran da bai fi ƙarfinsa ba. Bayan shekara fiye da talatin, har yanzu masu nakasa da ke aiki a can ba su kai rabin sauran jama'a ba idan aka kwatanta. Masana tattalin arziki biyu, Acemoglu da Angrist, sun rubuta a 2001 cewa ɗaukar masu nakasa ma raguwa ya yi bayan dokar, kodayake wasu masanan sun ja da su. Ga kuma tarkon tallafi: mai karɓar SSI, wato tallafin kuɗin da gwamnatin Amurka ke ba masu nakasa marasa ƙarfi, ba a yarda ya mallaki fiye da Dala 2,000 ba, adadin da bai motsa ba tun 1989, kuma a yawancin jihohi inshorar lafiyarsa a jikin tallafin take. Mutum na son aiki, yana tsoron ajiyar albashi ta raba shi da likitansa.

Uwar Biyu: Ni ban san dokokin ƙasashen nan ba, ku yi haƙuri. Ɗana kurma ne, ya gama koyon gyaran lantarki, hannunsa na da kyau kowa ya shaida. Duk inda ya je, tambaya ɗaya ce: yaya za mu yi magana da shi? Ba wanda ya taɓa cewa bai iya ba. Kuma duk kason da kuke faɗa na manyan ma'aikatu ne masu mutum 20 ko 100. Shi ƙananan wurare yake nema, masu mutum uku ko huɗu. Wace doka ce ta san da shi?

Malam Mai Sanda: Hajiya, tambayarki ta fi duk abin da muka faɗa nauyi. Yawancin masu nakasa a ƙasashe masu tasowa sana'ar kansu suke yi ko aiki marar rajista. Kaso ba ya isa can, wannan kam na sallama. Jari suke buƙata, da mota ko bas da za su iya hawa, da mai sayen da zai yarda ya gwada su.

Alhaji Mai Masana'anta: Hajiya, zan faɗa miki tsoron mai ɗaukar aiki tsakani da Allah. Inji na gudu, aka yi ihu a kauce, bai ji ba. Wa za a kama? Sannan tafinta, ni zan riƙa biyansa kullum?

Malama Nas: Ƙararrawa mai walƙiya ake sakawa, Alhaji, tana haske lokacin da take ƙara. A masana'anta mai hayaniya ma masu jin ba jin ihun suke ba, da abin toshe kunne suke aiki.

Barista: Batun tafinta kuma, a Ingilar da ka kafa hujja da ita, tun 1994 akwai shirin gwamnati mai suna Access to Work da ke biyan tafintan kurame da na'urori da kuɗin zuwa aiki. A Jamus daga tarar nan da ka kira haraji ake biya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu nakasa, sashe na 27, ta ɗora wa gwamnatocin da suka amince da ita su tabbatar an yi irin wannan gyara a wurin aiki. Idan ka ƙi tara, ka faɗa mana daga ina kuɗin zai fito.

Alhaji Mai Masana'anta: Daga harajin da nake biya tun da can. Ban sauka daga maganata ba, Barista. Hajiya, aikin waya na cikin gini yake yi ko na injina?

Uwar Biyu: Duka biyun, Alhaji, amma ya fi ƙwarewa a injina. Yana karatu da rubutu, ta saƙon waya yake magana da masu ba shi aiki.

Yaya Mai Keke: Alhaji, idan kiransa za ka yi, ka ba shi injin da ya lalace da gaske, ka tsaya ka gani. In bai gyara ba ka sallame shi kamar kowa.