Muna so mu fara kai wa tsofaffin anguwa abinci har gida, ta ina ake farawa?

Ɗan Kusfa:

Salamu alaikum jama'a, shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen. Akwai wata tsohuwa a layinmu nan cikin birnin Zariya, Inna muke ce mata tun muna yara. Satin da ya wuce Ummanmu ta ce in leƙa ta don kwana biyu ba a ji motsinta ba. Sai da na yi sallama ya fi sau biyar kafin ta amsa, na same ta zaune bakin ƙofan ɗaki, murhu ya yi sanyi har kaza ta kwanta cikin tokan, ga kofin roba da guntun garin kwaki a gefe, wai tun shekaranjiya shi take jiƙawa. Kuma ba wai babu ba ne fa, akwai rabin buhun masara a ɗakin, ɗanta da ke Legas yana turo kuɗi duk wata. Gwiwa ce ta hana ta, ba ta iya kai niƙa balle durƙuso gaban murhu, jikan da ke ɗan yi mata an aurar da ita bayan babban sallah.

Na sayo mata shayi da burodi, na miƙe zan tafi ta ce zauna mana ɗan nan ina kake sauri. Wallahi awa ɗaya da rabi tana ba ni labarin naɗin Sarki Shehu Idris a 1975, shayin har ya huce ba ta sha rabi ba.

Da na ba 'yan majalisanmu labari sai kowa ya tuno da wani, muka lissafa gida 14 tsakanin Kusfa da Kwarbai da Limancin Kona. Mu tara ne, uku na da mashin. Muna so mu riƙa dafawa muna kai musu. To wa zai dafa, kullum za a yi ko yaya, kuma ya ake yi da kuɗi kar a zo ana zargin juna? Wanda ya taɓa yi ya taimaka.

Maman Islamiyya T/Wada:

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya biya ku. Mu matan Islamiyyarmu a Tudun Wada mun shiga shekara ta biyu muna yi, bari in faɗa maka inda muka yi tuntuɓe.

Kar ku fara da kullum, za ku gaji cikin sati uku. Mu Litinin da Alhamis muke yi, girki kuma zagayawa yake gida gida, wadda abin ya zo kanta sai ta ƙara sanwa a tukunyarta, ba mu kafa wani kicin ba. Hatsi muke haɗawa ba kuɗi ba, wannan ta kawo mudun masara waccan wake wata kuka da daddawa, kuɗin niƙa da itace ne kawai ake rubutawa a littafi kuma mutum biyu ke riƙe da shi.

Amma babban abin shi ne kunya. Ranar farko muka zuba a robar takeaway muka ɗaure da leda, muka aika wa wani dattijo tsohon ma'aikacin reluwe, bai ko buɗe ba ya ce wa yaron mayar musu, ka ce ni ba almajiri ba ne. Na ji zafi ranar, daga baya na gane mu ne muka yi wauta. Kakata ce ta ce min ku kun manta ciyayya ne? Da can ai in an sauke tuwon dare sai ka ga yara na ta ratsa layi da kwanuka, gidan nan ya kai wancan, wancan ya kawo wannan, ba mai cewa sadaka ce. Sai muka sayi kwanukan samira bibbiyu na kowane gida, a kai ɗaya a karɓo na baya, kuma yaron ya ce in ji gidan wane a kawo wa Baba, ba in ji ƙungiya ba. Dattijon nan yanzu ba ya maido kwano haka nan, sai ka buɗe ka ga goro biyu ko lemun tsami na bishiyar gidansa. Kuma kar ka kuskura ka ce ya bar shi, karɓa za ka yi ka yi godiya.

Mai Shago Kwangila:

Ni dai zan faɗi gaskiya ko ba daɗi. Irin wannan da azumi kowa gwani ne, ana sallah sai ka ji tsit. Kun lissafa man mashin? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ko zuwa unguwar PZ sai mutum ya yi tunani, mai mashin zai yi maka sati biyu don Allah, na uku ya fara kashe waya. Ku raba gidajen yadda kowa zai kai na kusa da shi da ƙafa, lungunan cikin birni ma ai ƙafa ta fi mashin.

Na biyu ku yi hattara da masu zuwa da buhun shinkafa ɗaya da mai kyamara uku. Da an ga abin ya kama wani zai zo ya ce zai ɗauki nauyi, sharaɗin kawai a tara tsofaffin waje ɗaya a ɗau hoto a sa a Facebook. Kar ku yarda a tara kowa. Mun ga abin da ya faru a Disambar 2024, Ibadan da Abuja da Okija, turmutsutsun rabon abinci ya ci rayuka, Allah ya kiyaye.

Sannan wannan ɗan nata na Legas fa? Ni abin da ke ba ni haushi kenan, ya tura alat ya ga ya sauke nauyi, ku kuma ku ɗauke masa sauran. A kira shi a faɗa masa yadda aka samu uwarsa.

Nas Bazazzagiya:

Yaya Mai Shago ka yi gaskiya a kan hoton, amma ɗan a kira shi da lalama, wani wallahi bai sani ba, iyayen nan in an kira su lafiya lau kawai suke cewa.

Ni aikin jinya nake, don haka nawa a kan tukunya ne. Da yawansu na da hawan jini ko suga, a rage gishiri da maggi, mai so ya ƙara da kansa. Ku tambayi kowa abin da likita ya hana shi ku rubuta. Haƙori kuma babu, to tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, faten tsaki da alayyahu ko yakuwa, alale, wake da ya nuna luguf, sun fi musu shinkafa mai tsayuwa da nama mai tauri. A kai da zafinsa cikin kula, kar ya wuce awa biyu a ajiye, kuma ku ce musu kar a bar saura ya kwana ba ɗumame, musamman da damina lokacin amai da gudawa.

A Ingila akwai irinsa, Meals on Wheels, mata 'yan sa kai suka fara shi lokacin yaƙin duniya na biyu, har yau ana yi. Abin da ya burge ni a tsarin, mai kai abincin shi ne mai duba lafiyar mutum, in ya ƙwanƙwasa ba a amsa ba ba ya juyawa. Ku ma ku riƙe lambar maƙwabci ko ɗan uwa na kowane gida. Kuma mutum ɗaya ya riƙe gida biyu ko uku ba canji, shi zai lura ƙafar Inna ta kumbura yau ko maganarta ta sauya. Tsohuwa kuma a haɗa da mace, akwai abin da ba za ta faɗa wa saurayi ba.

Ɗan Kusfa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun zauna jiya bayan isha, za mu fara da gida shida ranan Alhamis, Ummanmu ta karɓi girkin farko, fate za ta yi. Mun yi wa mai anguwa magana ya ƙara mana wani makaho da ba mu ma san shi kaɗai yake kwana ba. Ɗan Inna na kira shi, shiru ya yi a wayan har na ɗauka layin ya yanke, ya ce yana tafe ƙarshen wata.

Hajiya saura abu ɗaya, mun ce kowa ya zauna minti ashirin a gida, to mai gida uku in ya faɗa hannun Inna na ƙarshe sanyi zai ci. Ku ya kuke yi?

Maman Islamiyya T/Wada:

Hhh ai kowane layi da irinta. Ka fara miƙa wa sauran nasu da zafi, ita ka bar ta ƙarshe, kuma ka tafi da naka cokalin.