Zan sayar da motata, amma har yanzu sunan mai ita na farko ne a takardu

Abu Sumayya

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar takardun mota, domin ina dab da sayar da tawa, sai na tuna akwai ƙullin da ban kwance ba tun ranar da na saye ta. Toyota Corolla ce ƙirar 2008, na saye ta shekara huɗu da suka wuce a hannun wani ma'aikaci da aka yi wa canjin wurin aiki daga Kano zuwa Abuja. Mun rubuta takardar ciniki a gaban shaidu biyu, ya miƙa mini fatikular motar gaba ɗaya, har da takardun kwastan, ni kuwa na ci gaba da sabunta lasisi da inshora duk shekara da sunansa, saboda wanda yake sabunta mini bai taɓa cewa akwai matsala ba.

Yanzu ƙanin wani abokin aikina, mazaunin Zariya, ya ga motar, ya kawo bakanikensa ya duba ta, mun yi ciniki na sallama masa. Ya ce zai ba da kashi biyu cikin uku na kuɗin a wannan makon ya tafi da ita, ya cika ragowar bayan wata biyu. Abin da nake so in sani shi ne, shin wajibi ne in fara mayar da takardun sunana kafin in sayar, ko shi mai sayen zai iya mayar da su sunansa kai tsaye? Lambar motar kuma ta Kano ce, zan bar masa ita ne ko in cire? Sannan in miƙa masa asalin takardun tun bai gama biya ba? Yayansa mutumin kirki ne, ba na so in yi abin da zai zama kamar na tuhume su, amma ba na so wata rana a ƙwanƙwasa mini ƙofa a kan motar da ta daɗe da barin hannuna.

Tsohon Ma'aikacin Haraji

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi shekaru a sashen lasisin motoci kafin in yi ritaya, kuma zan fara da abin da ba zai yi maka daɗin ji ba: a wurin hukuma, yau ɗin nan, ba kai ne mai wannan motar ba. Mutumin da ya koma Abuja shi ne mai ita, domin sunansa ne a rajistar ofishin lasisi da ke ƙarƙashin hukumar tara kuɗaɗen shiga ta jiha, sunansa ne kuma a kundin bayanan motoci na Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato FRSC. Sabunta lasisin da kake yi duk shekara bai sauya komai ba, sai ma dai ya riƙa tabbatar wa hukuma cewa motar tana hannunsa. Da an yi wani laifi da ita a cikin shekarun nan huɗu aka ɗauki lambarta, shi za a fara nema, sannan ya fito da takardar cinikinku ya nuno ka. Abin da kake tsoron ya same ka ke nan, kai kuma ka bar wani a cikinsa tsawon wannan lokaci ba tare da ka yi niyya ba.

Shawarata ita ce ka nemo mutumin tun yana da rai kuma lambar wayarsa tana shiga. Ka roƙe shi ya rubuta takardar amincewa da canjin mallaka, ya haɗa da hoton katinsa na ɗan ƙasa. Idan mai suna a takarda ya rasu, sai magana ta koma wurin magada, kuma duk wanda ya taɓa bin sa hannun magada goma a kan mota guda ya san abin da nake nufi.

Idan wannan ta samu, sai ku rubuta sabuwar takardar ciniki tsakaninka da mutumin Zariya, a sa cikakken suna da adireshin kowannenku, da irin motar da launinta, da lambar rajistar motar, da lambar inji, da lambar casis. Wannan ta ƙarshen haruffa ne da alƙaluma guda 17, kuma kada ku kwafe ta daga takarda; ku je jikin motar ku karanta ta, ta ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba ko a jikin ƙofa, sannan ku gwada da abin da ke rubuce a takardun kwastan da takardar shaidar mallaka. Sau da yawa na ga fayil ya tsaya cak saboda harafi guda da aka rubuta ba daidai ba shekaru goma da suka wuce. Daga nan sai takardar rantsuwa a kotu, sannan ofishin lasisi, inda za a cike fom ɗin canjin mallaka, a biya kuɗin gwamnati a karɓi rasit, a fitar da sabuwar takardar mallaka da sabon lasisi da sunan mai saye. Haka kuma a gyara bayanan motar a rajistar 'yan sanda da ake kira CMR, a duba ko takardar lafiyar mota ta VIO ba ta ƙare ba.

Batun lamba kuwa, ni dai ina ganin ka cire ta. Sabon tsarin lambar da aka shigo da shi a 2011 an yi shi ne domin a ɗaure lamba da mutum, ba da ƙarfen mota kaɗai ba. Tunda mai sayen mazaunin Zariya ne, ya je ya yi rajista a Jihar Kaduna ya karɓi tasa lambar, kowa ya huta.

Dillali a Kano

Allah ya ƙara wa Baba Tsohon Ma'aikaci girma. Abin da ya faɗa daidai ne, sai dai akwai wurare biyu da abin da muke gani a kasuwa ya ɗan sha bamban da abin da ake gani daga bayan tebur.

Na farko, ban ga dalilin da zai sa Abu Sumayya ya biya kuɗin canjin suna yau, mai saye kuma ya sake biya gobe ba. Abin da ake buƙata shi ne igiyar ciniki kada ta tsinke: takardar da ta nuna mai ita na farko ya sayar wa Abu Sumayya, da wadda ta nuna Abu Sumayya ya sayar wa na Zariya, kowace da sa hannun shaidunta, a haɗa da amincewar mutumin Abuja. Da waɗannan muke kai masu saye a mayar musu da takardu sunansu kai tsaye. Duk da haka ya je ofishin da kansa ya tambaya kafin a karɓi ko sisi, domin kowace jiha da yadda take so a jera mata takardu, kuma kada ya ba yaran bakin ƙofa aikin, waɗanda za su karɓi kuɗi su kawo takarda mai kyan gani wadda idan aka duba ta a kwamfuta ba a same ta ba.

Na biyu, cire lamba ba ƙaramin abu ba ne ga mai saye, domin sabuwar rajista ta fi canjin suna tsada nesa ba kusa ba, kuma motar da ba ta da lamba ba za ta yi tafiyar Kano zuwa Zariya ba tare da an tsayar da ita ba. Lambar Kano ba ta hana mota zama a Zariya. Motoci nawa ne masu lambar Legas da Abuja ke yawo a cikin garin nan? Idan aka yi canjin mallaka yadda ya kamata, sunan sabon mai ita ne zai hau kan lambar. Haɗarin yana wurin a bar lamba kuma a bar suna.

Amma abin da ya fi damuna a tambayar shi ne bashin nan na wata biyu. Idan ka riƙe asalin takardun kwastan da takardar mallaka har ya cika kuɗi, wanda shi ne abin da kowane dillali zai ce ka yi, to ba zai iya yin canjin suna ba sai bayan wata biyun, ke nan motar za ta yi kwana sittin tana yawo a hannunsa da sunan wani. Idan kuma ka sakar masa takardun ya mayar sunansa, ba ka da sauran abin riƙewa sai alkawari. Ni da ni ne, sai in karɓi kafin alƙalami, a rubuta, motar ta zauna a gidana a lulluɓe har ranar da kuɗi ya cika, ranar nan kuma mu wuce ofishin lasisi tare da shi. Na daɗe a wannan sana'a, cinikin da ya fi ɓata zumunci shi ne wanda aka ji kunyar rubutawa.

Umm Khalil

Ina so in ƙara magana a kan inshora, domin ita ake yawan mantawa. Inshora yarjejeniya ce tsakanin kamfani da mutumin da sunansa ke kai, ba ta bin mota da kanta idan an sayar, saboda haka mai saye ya yanki tasa da sunansa. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta mayar da kuɗin ƙaramar inshora ta motar gida Naira 15,000 a shekara, daga Naira 5,000, ita kuma tana ɗaukar ɓarnar dukiyar wani har zuwa Naira miliyan 3. Wanda duk ya ce zai yi maka ita a ƙasa da haka, ka binciki takardar a kundin NIID na kamfanonin inshora da lambar motarka. Malam Abu Sumayya, kai ma ka duba wadda ake sabunta maka duk shekara, musamman tunda ba da kanka kake zuwa ba.

Lokacin da muka sayar da motar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mun ɗauki hoton kowace takarda kafin mu miƙa, har da rasit ɗin banki na kuɗin da aka turo. Bayan shekara ɗaya aka kira yayanmu a kan motar ta buge shagon wani a wani gari, kuma waɗannan hotunan ne suka raba mu da maganar cikin yini guda.

Ɗalibin Shari'a

Malam Abu Sumayya, game da jin nauyin da kake yi, ka tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma a cikinta aka yi umarni da kafa shaidu idan an yi ciniki. Idan ka ce a rubuta, ba ka tuhumi kowa ba, kuma yayan mai sayen, wanda ka ce mutumin kirki ne, shi ya fi dacewa ya zama ɗaya daga cikin shaidun.

Idan har ka zaɓi ka ba shi motar kafin ya cika kuɗin, to takardar ta faɗi ranar miƙa makulli da ƙarfe nawa, ta faɗi cewa daga wannan lokacin duk wata tara ko haɗari ko laifi da aka yi da motar yana wuyan mai saye, ta faɗi ranar biyan ragowar da abin da za a yi idan ranar ta wuce ba a biya ba. Ta kuma faɗi ƙarara cewa mallaka ba ta koma hannunsa ba sai kuɗi ya cika, domin kada ya sayar wa wani na uku a tsakani. A yi kwafi biyu na asali, kowa ya sa hannu a kowane shafi, a manna hotunan fasfo. Sai dai in faɗi gaskiya, wannan takarda za ta wanke ka ne bayan an kira ka an yi tambaya, ba za ta hana a kira ka ba, shi ya sa na fi karkata ga shawarar Alhaji Dillali.

Ka kuma nuna wa mai sayen takardun kwastan ya tantance su a ofishin kwastan idan yana so. Motoci da yawa na shekarun nan ta Kwatano suka shigo, kuma tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a farkon 2017 jami'ai suka ƙara sa ido a kan hanya. Gara a gano gyara yanzu da a tsayar da shi a hanya ya dawo yana cewa ka ɓoye masa aibi.

Abu Sumayya

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya da daddare na samu mutumin Abuja a waya, ya yi mamakin jin cewa har yanzu sunansa ne a kan motar, ya kuma yi alkawarin turo takardar amincewar da hoton katinsa ranar Litinin. Na yi magana da abokin aikina a kan a bar motar a wurina har kuɗi ya cika, bai nuna ɓacin rai ba, sai dai ya ce ƙanin nasa yana buƙatarta kafin bikin da za su yi a ƙarshen wata, don haka suna duba ko za su iya haɗa ragowar cikin mako uku. Inshorar kuma na duba, tana nan a kundin.

Saura batun lamba, wanda Baba Tsohon Ma'aikaci da Alhaji Dillali suka saɓa a kai. Tunda lambar ma ba da sunana take ba, ina ganin ba ni da hurumin riƙe ta, don haka zan tambayi mutumin Abuja ko yana son a mayar masa da ita, sannan in ji abin da ofishin lasisi zai ce ranar Talata idan na kai musu takardun.