Kiɗan ɗaki ko kiɗan zaure?

Jama'a, ku taya ni. Rubutu nake a kan Astor Piazzolla, makaɗin nan na tango (kiɗan rawa na ƙasarsu Ajantina) da ya rasu a 1992, kuma ina neman sunan Hausa na abin da Turawa ke kira chamber music. Kiɗa ne na mutane kaɗan, daga biyu zuwa takwas ko tara, kowa da nasa amon, babu wani mai sanda a gaba yana juya su.

Wasu sun ce a kira shi kiɗan ɗaki, tunda kalmar tasu ɗaki take nufi. Bai kwanta mini ba. Bahaushe na jin haka hankalinsa zai tafi kiɗan ƙwarya na mata a cikin gida. Kiɗan fada kuwa yana da masu shi tun tuni: tambari, kakaki, algaita.

Ni dai kiɗan zaure nake so. A zaure kowa na samun bakin magana, wannan ya jefa, wancan ya cafe, kuma haka kayan kiɗan nan ke yi. Ku saurari Le Grand Tango da Piazzolla ya tsara a 1982 domin Mstislav Rostropovich, makaɗin cello ɗan Rasha, wanda bai kaɗa shi ba sai 1990. Kaya biyu ne kacal, fiyano da babban goge, wato cello. Fiyano ya riƙe bugun tango na uku, uku, biyu, gogen ya ja dogon kuka, can sai su yi musanya, fiyano ya karɓi waƙar, gogen ya koma duka da tsalle. Masu gogen tango ma sukan kurji tsirkiya ta bayan jaki don ta yi ƙarar gyare, ko su ƙwanƙwasa jikin gogen da yatsa. Mutanen Buenos Aires, babban birnin Ajantina, da suka saba rawa da tango sun daɗe suna cewa ya ɓata musu kiɗa, don nasa na zama a saurara ne.

Tango kam a bar shi tango. Su kuma kayan da ake goga wa tsirkiya, na ce dangin goge, don in aka ce masu tsirkiya, garaya da molo sun shigo, alhali su ba goga su ake ba.

Babban gogen ne ya rage. Akwai wanda ya fi shi girma, wato double bass, mai shi a tsaye yake kaɗawa. In wannan ne babban goge, wancan fa? Malamai, me kuka gani?