Fiza ko gurasar Italiya? Mu tsayar da suna

Mutanen Garwa da Marwa da Ngaundere, da 'yan'uwa na Injamena, ku matso mu tsayar da magana ɗaya. Abincin nan da ake rubutawa pizza, me za mu kira shi da Hausa?

Jiya na yi shi a gida don cin dare. Da la'asar na kwaɓa fulawa da yis da gishiri da ɗan mai da ruwan ɗumi, na rufe. Zafin Garwa bai bari na jira ba, kafin magariba kwaɓin ya tashi har ya taɓo murfin roba. Na murza shi fale-fale, na shafa tumatirin da na dafa ya yi kauri, na jera albasa da koren tattasai da tsokar kaza, na barbaɗa cuku. Kazar sai da na fara soya ta sama-sama, don wutar gida ba irin ta birnin Napoli na Italiya ba ce, inda murhun itace ke wuce digiri 400 abu ya gasu cikin minti ɗaya da rabi. Ni tukunya na sa, yashi a ƙasa, garwashi a kan murfi, yadda muke gasa kek ɗin Sallah.

Ina saukewa Goggo ta leƙo ta ce, "Wannan kuma mene ne?" Autana ya faɗa mata da harshen makaranta. Ta ce, "To, a yanko mini fizar in ɗanɗana." Tun daga nan kalmar ta tsaya mini a rai.

Na san wasunku za su ce "gurasar Italiya". Ni ma ita na fara kawowa, kuma tana da hujja, don a Napoli ta ƙasar Italiya abincin ya samu siffar da aka san shi da ita, har UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa sana'ar masu gasa shi a can cikin kayan gadon duniya a 2017. Amma duk wanda ya taɓa cin bandashe ya san gurasa ana gasa ta ita kaɗai a tanderu, sai ta fito a yayyafa ruwa, a zuba ƙuli da mai da albasa. Wannan kuwa da kwaɓin da kayan samansa tare suke shiga wuta, ruwan tumatir ya ratsa kwaɓin, cukun ya narke ya riƙe kaza. Kuma in ka aiki yaro da dogon sunan nan, kafin ya kai titi ya yar da rabinsa, ya dawo maka da gurasa zalla.

"Burodin miya" da wata yayata ta Marwa ta kawo, ki yi haƙuri Yaya, bai zauna ba. Mai ji zai ɗauka tsomawa ake yi.

Fiza kuwa ta bi hanyar da bakin Bahaushe ya saba. Dubi fensir da famfo da fasinja da faranti, duk a harshen da aka aro su da p suka fara, muka mayar f. Ita kanta gurasa daga Larabci ta zo, yau wa yake kallonta baƙuwa? Abin da ya fi gamsar da ni shi ne kalmar ta karɓi nahawunmu ba tare da an matsa mata ba. Mace ce: fizar kaza, fizar ganye, fizata ta ƙone. Jam'i ma ya fito da kansa, yadda tasa ta ba da tasoshi, buta ta ba da butoci: fizoji.

Roƙo ɗaya: kada a rubuta "biza". Wannan ta fasfo ce, an riga an ba ta aikinta.

Saboda haka ni na tsaya a kan fiza. "Gurasar Italiya" mu ajiye ta don bayani, ranar da wani ya tambaya mece ce fiza.

Saura cukun. Wanda muka sani na Buzaye busasshe ne, ba ya narkewa, na fiza kuwa in ka ɗaga yanka sai ya biyo ka yana zare. A gidanmu "cuku mai zare" muke cewa. Mutanen Ngaundere, ku ne masu shanu da nono, me kuke kiransa?