Kalar ƙanƙara: ta ƙulli ko ta kwalba?

Maman Ilham, Agege:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina yin ƙanƙara da lemun ɗauri ina kaiwa bakin makarantar firamare a unguwarmu. Kalar da nake sawa ta ƙulli ce, garin ja da ruwan ɗorawa a 'yar leda, ba suna ba lamba. Kwanan nan autana yake borin jini duk ranar da ya sha mai ruwan ɗorawar, in farar ya sha kuwa lafiya lau. Hankalina ya tashi, don 'ya'yan mutane nake shayarwa. In koma ta kwalba mai lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ne, ko in bar kala gaba ɗaya? An ce min ta kwalba naira 1,500 ce, ribar ƙanƙarar naira 50 ba za ta ɗauka ba, yara kuma ba sa kallon farar ƙanƙara.

Baba Mai Kilishi:
Wa alaikumus salam 'yata. Tun kafin a haife ki muke sa ja a labu, ban taɓa jin wanda kilishi ya kwantar ba. Mutanen Legas in ba su ga ja ba sai su ce ba a sa yaji ba. Zafin gari ne yake damun yaron.

Ummu Hanif, Surulere:
Baba, a yi min afuwa. Ruwan ɗorawar nan galibi tartrazine ce, wadda ake rubuta wa E102. An yarda da ita a abinci, amma an san wasu mutane kaɗan jikinsu ba ya karɓarta, ƙaiƙayi da borin jini take sa su. A 2007 binciken jami'ar Southampton a Ingila ya danganta haɗin wasu kaloli da ƙaruwar ƙiriniya ga yara, shi ya sa tun 2010 a Tarayyar Turai dole a rubuta gargaɗi a jikin abincin da ke da ko da ɗaya daga cikin kaloli shida, har da E102, E110 da E129. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ledar nan, don ba wanda ya san abin da aka ƙulla a ciki.

Ɗan Obalende:
Ni dai na sha jar ƙanƙara a Oshodi, na shiga gida uwargida ta kalli harshena ta ce ashe goro na koma ci. Sai da na rantse.

Hajiya Mai Abinci, Idi-Araba:
Ku da kuke maganar ƙanƙara. Ni manja ya kashe min kasuwa. Ina dafa wa leburori a wani wajen gini, na sayo jarka guda a hannun wani da na daɗe ina ciniki da shi. Jajir, ka ce jini, har na yi ta yabonsa. Da na ɗora a wuta sai wani wari ya taso kamar na fenti, ludayin roba ya rine, wankin duniya ya ƙi fita, faratan yarinyar da ke taya ni suka yi ja. Kuɗi sun riga sun shiga, na zuba a miya haka nan. Washegari rabin ma'aikatan suna ciwon ciki, mai kwangila ya ce kada in sake zuwa, kuɗin satin ma bai biya ba. Na mayar da jarkar, mutumin ya dafa ƙirji ya ce ba nasa ba ne. Har yau bashin shinkafar nan nake biya. Allah ya isa tsakanina da shi.

Ummu Hanif, Surulere:
Sannu Hajiya. Wannan ya yi kama da rinin da ake kira Sudan, na man takalmi da kakin masana'anta ne, ba a yarda da shi a abinci ba sam, ana zarginsa da haddasa ciwon daji. NAFDAC ta sha gargaɗi kan zuba rini a manja. A Gana ma hukumarsu ta gano shi a manja a 2015.

Abu Mai Kemis, Alaba Rago:
Maman Ilham, ki ba shi maganin ƙaiƙayi da daddare, zai lafa. Ta kwalba kuma naira 700 ce a kasuwar Oke-Arin, an cuce ki.

Anti Rabi Mai Kek:
Wace 700? Jiya na saya 2,200 a babban kanti a Ikeja. Taka ta jabu ce.

Ummu Hanif, Surulere:
Malam Abu, ba a rufe borin jini da magani ana ci gaba da ba yaro abin da ke tayar da shi. Ta daina ba shi, ta kai shi asibiti. In leɓensa ya kumbura ko numfashi ya yi wuya, kada ta jira gari ya waye.

Abu Mai Kemis, Alaba Rago:
Ke likita ce? Mu da muke ganin irin waɗannan yaran kullum a shago.

Baba Mai Kilishi:
'Yan boko kenan. Gobe za ku ce gishiri ma a bari. Duk abin da Bature ya ce sai ku ɗauka.

Anti Rabi Mai Kek:
Baba, Baturen ne ya ƙirƙiro kalar, shi ne kuma yake janye wasu. A Janairun 2025 Amurka ta soke izinin jar kalar da ake kira Red 3 a abinci, wato E127, saboda ta jawo ciwon daji a ɓerayen gwaji. Maman Ilham, ja dai zoɓo ya ishe ki, ki dafa shi da kauri da ɓawon abarba. Ruwan ɗorawa kuma ki gwada mangwaro ko ɗan kurkum, amma kaɗan, yana da ɗaci.

Hajiya Mai Abinci, Idi-Araba:
Ni yanzu sai na ɗiga manja a tafin hannu na murza kafin in biya. Amma ku gaya min, wa ke duba jarkokin da ake saukewa daga mota tun asuba? Ko garin tattasai na daina saya a niƙe, jansa ya yi yawa.

Ɗan Obalende:
Hajiya, ba manja kaɗai ba. Ayabar da ake nunarwa da kabaid fa? Waje rawaya, ciki ɗanye shar.

Malam Isa Mai Gwari, Mile 12:
Kada ku haɗa mu duka. Masu yi suna yi, amma mu da muke jira kaya ya nuna da kansa mu muke asara, don mai saye wanda ya fi sheƙi yake ɗauka. Hajiya, nawa kika sayi jarkar? In ta yi araha da yawa a lokacin, to daga nan ya kamata ki tsargu.

Hajiya Mai Abinci, Idi-Araba:
Araha ina? Kuɗin mai kyau na biya cif, har da na ɗan dako.