Jijjigar janareta da rigimar "babu nauyi"

Ɗan Kurna: Salam jama'a, nifa yau raina a ɓace yake wlh. Oganmu ya sayo sabon janareta ya sa an girke shi a jikin bangon ɗakin gwajinmu, ainihin bangon da teburin sikeli yake. Sikelin nan har kashi ɗaya cikin dubu na giram yake aunawa, tunda aka tada injin lambar ƙarshe bata tsaya ba sai rawa take, abu ɗaya na auna sau biyar na samu amsa biyar. Na same shi da maganar yace wai jijjiga ce kaɗan ba komai. Ba komai? Mutanen da suke tashar sararin samaniya ta ISS inda babu nauyi, fanka da famfon sanyaya na'ura kawai suna ɓata musu gwaji, har wasu na'urori NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta kafa a ciki ana ce musu SAMS, aikinsu kenan dare da rana auna jijjiga. Dan Allah wa ya san inda zan samu robar da ake sawa a ƙarƙashin inji?

Injiniya: Allah ya huci zuciyarka ƙanina. Amma gyara ɗaya, ka daina cewa babu nauyi. Tashar nan nisanta da ƙasa kamar kilomita 400 ne kacal, ko nan da Legas bai kai ba, jan ƙasa a wurin yana nan kusan kashi 90 cikin ɗari.

Alhajin Kwari: To in akwai nauyi me ya sa muke ganinsu suna shawagi kamar auduga? Ni da idona na gani a bidiyo, ruwa ya dunƙule yana yawo a iska.

Injiniya: Ranka ya daɗe faɗuwa suke yi. Su da tashar da ruwan duk tare suke faɗowa shi yasa babu mai danne wani, sai dai gudun da suke yi a kaikaice, wajen kilomita 28,000 a awa, shi yake sa kullum suna kuskure ƙasar, duk minti 90 sun zagayo.

Alhajin Kwari: Haba Injiniya. Tun shekarar 2000 aka ce mutane suna zaune a ciki, sama da shekara ashirin suna faɗowa har yau basu iso ba? Ku 'yan boko in abu ya shige muku duhu sai ku sake masa suna.

Baban Khalil: Gaskiyar Alhaji. Abin da ka ɗora a sikeli ya nuna sifiri bashi da nauyi, magana ta ƙare.

Injiniya: Sikelin ma ai faɗuwa yake malam.

Baban Khalil: Kaji ko. Komai faɗuwa.

Ɗan Kurna: Yaya Injiniya naji, amma ni ba wannan ya kawo ni ba. Su kansu sunan da suke kiran yanayin da shi wato "microgravity", akwai "maikro" a gaba, ma'ana kashi ɗaya cikin miliyan na nauyin da muke ji a ƙasa, irin natsuwar da masu gwaji suke nema kenan. Kuma anan matsalar take, tashar cike take da injina, ga mutane suna dafa bango suna tura jikinsu, ga kumbon kaya yazo ya haɗe da ita, ga lokaci lokaci ana kunna roka a ɗaga ta sama saboda tana saukowa a hankali. Duk wannan motsin ta ƙarfen jikinta yake bi ya isa har cikin kwalbar gwaji.

Malama Kemistiri: Bari in taya ka ɗana, don nan ne fannina. Kun san in kika jiƙa gishiri ko kanwa kika ajiye, ruwan ya ƙafe, zaki ga ya ɗaure ya zama ƙwaya-ƙwaya. Haka ake yi da furotin don a ga siffarsa a haɗa magani. A nan ƙasa abu mai nauyi yana kwanciya, ruwan da ya tsinke yana tasowa, ruwan baya zama wuri ɗaya, sai ƙwayar ta fito da tabo. A can sama wannan juyawar tana lafawa, ƙwayar ta girma a hankali a tsare. To jijjiga tana zuwa sai ta dama ruwan, abin da aka kashe maƙudan kuɗi aka gudu a ƙasa ya biyo ka har sama. Haka in ana narka ƙarfe ana son a ga yadda zai daskare. Shi yasa wasu akwatunan gwajin ba a ɗaure su tamau da jikin tashar, akwai tsarin da ake kira ARIS, yana jin motsi sai ya tura akwatin ɗaya ɓangaren ya kashe shi. Injin gudun motsa jikinsu ma akan sifirin (spring) yake, tunda dole ne kowa yayi wajen awa biyu kullum in ba haka ba ƙashi ya zaizaye.

Baban Khalil: Malama kin ce "a nan ƙasa abu mai nauyi yana kwanciya, a sama baya yi". Kinga kema kin yarda babu nauyi kenan.

Malama Kemistiri: Ni ban ce ba, kar ka sa min magana a baki.

Ɗan Farm Centre: Duk wannan rakin Amurka ne. Rasha da suka fara kai mutum sararin samaniya, wato Gagarin, a 1961 kun taɓa jin suna kukan fanka? Kayansu ƙarfe ne na gaske.

Injiniya: Kai kuma ka tsaya a gyaran waya. A watan Yulin 2021 ɗakin Nauka na Rasha yana gama haɗewa da tashar rokokinsa suka tashi da kansu, sai da ta wuntsila wajen sau ɗaya da rabi kafin a shawo kanta. Wannan ma raki ne?

Ɗan Farm Centre: Me gyaran waya yayi? Kai wayarka da ta faɗa ruwa wa ya tashe ta? Kuma ɗakin farko na tashar, Zarya, a 1998, a ina aka ƙera shi in ba Rasha ba? Tauraron ɗan'adam na Najeriya na farko ma a 2003 daga Rasha aka harba shi.

Maman Ilham: Dan Allah a daina gorin sana'a a gidan nan, ba yau aka fara ba, wancan satin ma haka akayi wa mai ɗinki har ya fita.

Injiniya: Hajiya ban yi gori ba, shi ya fara shiga abin da bai sani ba.

Alhajin Kwari: Kaima yaro baka amsa min tambayata ba. Yaushe zasu iso?

Admin: To jama'a ya isa haka, magariba ta gabato. Abin da aka tsayar shi ne akwai nauyi a sama, Injiniya ya kawo lissafi ƙarara kuma babu wanda ya iya karya shi, dama duk gidan nan in ana maganar kimiyya shi ne gaba. Malama ma bayaninta shi ya mara wa baya. Maganar Rasha bata da tushe. Ɗan Kurna ya karɓi gyara, Baba Alhaji muna neman afuwa in an ɗaga murya. Duk wanda ya sake tado zancen zan cire shi na kwana biyu.

Malama Kemistiri: Admin ni ban mara wa kowa baya ba, akan jijjiga nayi magana.

Ɗan Kurna: Nima ban karɓi komai ba wlh, roba na tambaya tun azahar. Gobe da safe samfur goma ne suke jirana kuma sikelin yana nan yana rawa.

Bakanike: Yanzu na buɗe data. Kazo Ƙofar Ruwa da safe ka neme ni, injin sit na mota guda huɗu zamu ɗaura wa janaretan, sannan ka janye teburin daga jikin bangon ko da taku ɗaya ne, ka samo faffaɗan dutse mai nauyi ka ɗora sikelin akai. Ka taho da awon ƙafafun injin.